Karon Lambobin Hash a Python: Raunin da Aka Bayyana a 2011 da Doguwar Hanyar Gyara Shi

A ranar 28 ga Disamba 2011, a taron Chaos Communication Congress karo na 28 da aka gudanar a birnin Berlin na ƙasar Jamus, wasu masu binciken tsaron kwamfuta guda biyu, Alexander Klink da Julian Wälde, sun nuna cewa saƙo ɗaya tak da aka tsara da gangan aka aika wa shafin intanet zai iya shagaltar da sabar da ke ɗauke da shafin na tsawon mintuna, ta yadda sauran masu ziyara za su yi ta jira ba amsa. Harin bai buƙaci satar kalmar sirri ko kutsawa cikin na'ura ba, kuma bai buƙaci dubban kwamfutoci su taru a kan saba ɗaya ba. Abin da ya dogara a kai shi ne ɗan lissafin da harsunan rubuta manhaja ke yi domin samar da lambar hash ta jerin haruffa, wato lambar da ake lissafowa daga haruffan domin a san inda za a ajiye su. Harsunan da abin ya shafa sun haɗa da PHP da Java da ASP.NET da Ruby da Python. Wannan nazari ya taƙaita ne a kan Python, saboda a can aka fi ganin yadda gyara na farko ya gaza, da kuma yadda aka kwashe fiye da shekara biyu kafin a kai ga mafita mai ƙwari.

Abin da hash() ke yi a cikin Python

Kusan kowace manhajar Python tana tsaye ne a kan dict, wato ma'ajiyar da ke haɗa suna da abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa. Idan aka ba dict suna domin ya nemo abin da ke ƙarƙashinsa, ba ya bin sunayen da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Yana kiran hash() a kan sunan, sai a samu lamba mai tsawon bit 64 (bit shi ne 0 ko 1, mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai a kwamfuta) a na'urorin zamani, sannan ya ɗauki ƙananan bit na lambar ya mayar da su lambar gurbi a cikin tebur. Teburin yana farawa da gurbi 8, kuma ana faɗaɗa shi idan ya cika kashi biyu cikin uku. Tsarin ya yi kama da akwatunan wasiƙa a gidan waya: wanda ya san lambar akwatinsa zai nufe shi kai tsaye, ko da akwatunan sun kai dubu goma. Idan sunaye biyu suka faɗa gurbi ɗaya, wanda shi ake kira karo, sai dict ya gwada wani gurbin bisa wani tsari da ya danganta da sauran bit na lambar, har ya samu wanda babu kowa a ciki.

Karo jefi-jefi abu ne da aka saba da shi, kuma an gina teburin da saninsa. Matsala tana tasowa ne idan sunaye masu yawa suka zo da lambar hash iri ɗaya daga farko har ƙarshe, domin a lokacin dukkansu za su bi jerin gurabe ɗaya. Suna na dubu zai ratsa 999 da suka riga shi, a kwatanta shi da kowannensu, kafin ya samu wurin zama. Idan sunayen n ne, yawan kwatancen zai kusanci rabin n sau n, ta yadda sunaye 100,000 za su jawo kwatance kusan biliyan 5, alhali da lambobinsu sun bambanta da aikin bai wuce ƙiftawar ido ba.

Hanyar shigar da irin waɗannan sunaye a buɗe take. Duk fam ɗin da aka cike a shafin intanet yana isa saba ne a matsayin jerin sunaye da ƙimominsu, kuma manhajojin gina shafuka suna zuba waɗannan sunaye cikin dict tun kafin wani layi na aikin mai shafin ya fara gudana. Ma'ana, mai kai hari shi ne yake zaɓar sunayen da za su shiga teburin, kuma ba sai yana da asusu a shafin ba.

Samar da sunayen da za su yi karo ya fi sauƙin fahimta a Java. A can, ana ninka abin da aka tara da 31 a ƙara lambar harafi na gaba. Harafin A lambarsa 65, a kuma 97, don haka Aa yana ba da 65 sau 31 da ƙarin 97, wato 2112. Harafin B lambarsa 66, don haka BB yana ba da 66 sau 31 da ƙarin 66, wanda shi ma 2112 ne. Tunda waɗannan gutsattsari biyu suna barin lissafin a wuri ɗaya, ana iya jera su ta kowace hanya: AaAa da AaBB da BBAa da BBBB duk lambarsu ɗaya. Jera gutsure 16 yana samar da sunaye 65,536 masu haruffa 32 kowanne, wanda bai wuce ɗan abin da ya haura megabayit biyu ba, amma yana jawo kwatance fiye da biliyan 2. A PHP, inda ake ninkawa da 33, Ez da FY ne ke yin wannan aikin.

Lissafin Python na wancan lokaci ya ɗan fi wannan ruɗani. Ana farawa da lambar harafin farko a matsa ta hagu da bit 7, sannan ga kowane harafi a ninka abin da aka tara da 1000003 a gauraya shi da lambar harafin ta hanyar XOR, wato haɗa lambobi biyu bit da bit, a ƙarshe a gauraya da tsawon jerin. Ba a samun karo da lissafin ka kamar na Java, amma kowane mataki nasa ana iya warware shi a koma baya, saboda ninkawa da lambar da ba ta rabuwa gida biyu daidai tana da kishiyarta a wannan lissafi, XOR kuma shi ke warware kansa. Don haka mai bincike zai iya farowa daga gaba, ya kuma faro daga lambar da yake so ya dawo baya, ya nemi inda hanyoyin biyu suka haɗu a tsakiya. A na'urori masu bit 32 wannan aiki ne da kwamfutar gida za ta iya yi. Kuma da yake lissafin iri ɗaya ne a kowace na'ura mai tsari ɗaya, jerin sunayen da aka haɗa sau ɗaya zai yi aiki a kan kowace saba irinta a duniya.

Gargaɗin da ya riga ya zo

Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan lamari shi ne cewa ba sabo ba ne. A 2003, Scott Crosby da Dan Wallach na Jami'ar Rice a Amurka sun gabatar da takarda a taron tsaro na USENIX inda suka bayyana wannan salon hari, suka gwada shi a kan Perl da sabar Squid da manhajar sa ido ta Bro. Masu kula da Perl sun ɗauki mataki a shekarar, suka saka lambar sirri cikin lissafinsu a siga ta 5.8.1. Yawancin sauran harsunan, har da Python, sun bar lissafinsu yadda yake na tsawon shekara takwas. Ana iya fahimtar dalili: lissafin yana da sauri, yana rarraba sunaye na yau da kullum yadda ya kamata, kuma taɓa shi na nufin taɓa zuciyar harshen. Duk da haka, a ganina wannan jinkiri shi ne kuskure mafi girma a cikin labarin baki ɗaya, domin a cikin waɗannan shekaru ne Python ya zama ɗaya daga cikin manyan harsunan gina shafukan intanet, manhajojin da suka dogara da tsohon halin dict suka yi ta ƙaruwa, kuɗin gyaran kuma ya yi ta hauhawa.

Bayan jawabin Berlin, kowa ya nemi mafita cikin gaggawa. Microsoft ya fitar da facin ASP.NET washegari, ba tare da jiran ranar da ya saba fitar da faci ba. PHP ya zaɓi taƙaita yawan sunayen da fam ɗaya zai iya ɗaukowa zuwa 1000 a siga ta 5.3.9, sai dai facin kansa ya zo da wani rauni mafi muni wanda ke ba maharin damar gudanar da umarninsa a saba, har sai da aka fitar da 5.3.10 a Fabrairu 2012 domin rufe shi.

Muhawarar masu Python da gyara na farko

A ɓangaren Python an buɗe batun a rajistar kurakurai da lamba 13703, aka kuma ba raunin lambar CVE-2012-1150. Shawarwari biyu ne suka fi ƙarfi. Ta farko, wadda Marc-André Lemburg ya tsaya a kai, ita ce a bar lissafin hash yadda yake, a riƙa ƙirga yawan karon da aka yi wajen shigar da suna ɗaya, idan ya wuce wata iyaka sai a dakatar da aikin da saƙon kuskure. Ta biyu ita ce a bi sawun Perl, a zaɓi lambar sirri duk lokacin da Python ya tashi, a cusa ta cikin lissafin, ta yadda sunayen da suka yi karo a wata na'ura ba za su yi a wata ba.

Kowace shawara tana da tsadarta. Ƙirga karo yana nufin dict zai iya ƙin karɓar suna a tsakiyar aiki, abin da babu manhajar da aka rubuta da tsammaninsa, kuma mai hari zai iya aiko da sunayen da suka tsaya dab da iyakar. Lambar sirri kuwa tana taɓa wani abu da mutane da yawa suka jingina da shi ba tare da sun sani ba. A lokacin, jerin da dict ke fito da sunayensa ya danganta ne da gurabensu a tebur, gurabe kuma sun danganta da lambar hash. Takardun Python sun daɗe suna cewa babu alkawari a kan wannan jeri, amma tunda a aikace bai taɓa sauyawa tsakanin tashi da tashi ba, an rubuta gwaje-gwaje masu tarin yawa da ke kwatanta abin da manhaja ta buga da rubutun da aka ajiye, kuma duk za su fara faɗuwa yau su wuce gobe.

An zaɓi lambar sirri, amma da sassauci. A Afrilu 2012 aka fitar da sigogi 2.6.8 da 2.7.3 da 3.1.5 da 3.2.3, waɗanda suka zo da kariyar a kashe. Sai mai saba ya tayar da Python da alamar -R, ko ya saita PYTHONHASHSEED, saitin da ke sarrafa lambar sirrin, kafin ta yi aiki. A siga ta 3.3, wadda ta fito a Satumba 2012, aka kunna ta ga kowa. Hujjar masu kula da harshen ita ce facin tsaro bai kamata ya karya manhajar da ke aiki ba, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai sakamakonta shi ne mafi yawan sabobin lokacin, waɗanda ke kan Python 2, sun karɓi facin sun ci gaba da zama a buɗe, saboda kariyar da sai an karanta sanarwa kafin a kunna ta ba ta isa ga yawancin masu buƙatarta.

Akwai kuma matsala a cikin gyaran kansa. Abin da aka yi shi ne an zaɓi lambobin sirri biyu, aka gauraya ɗaya da farkon tsohon lissafin, aka gauraya ɗayar da ƙarshensa, tsakiyar kuwa aka bar ta yadda take. Lambar ƙarshe ba ta hana karo ko kaɗan, domin idan sunaye biyu sun kai ƙarshen lissafi da lamba ɗaya, gauraya su da abu ɗaya zai bar su daidai da juna. Nauyin kariyar duka ya rataya a kan lambar farko, ita kuma tana bi ta cikin matakan nan da ake iya warwarewa. A Disamba 2012, a taron Chaos Communication Congress karo na 29 da aka yi a Hamburg, Jean-Philippe Aumasson da Daniel J. Bernstein da Martin Boßlet sun koma kan batun. Sun nuna cewa wanda ya ga lambobin hash na wasu gajerun jerin haruffa zai iya lissafo sirrin Python ya dawo da shi, kuma sun nuna cewa MurmurHash, wani lissafin hash da Ruby da Java suka koma gare shi, yana da sunayen da ke karo ko da wace lambar sirri aka saka. Abin da wannan ya tabbatar shi ne lissafin da ba a tsara shi tun farko don ɓoye mabuɗi ba, liƙa masa mabuɗi daga baya ba ya mayar da shi abin dogaro.

Zuwan SipHash

Aumasson da Bernstein sun riga sun wallafa nasu maganin a 2012, wato SipHash, lissafin da ke karɓar mabuɗin sirri mai bit 128 ya fitar da lamba mai bit 64, wanda aka tsara shi ya yi sauri a kan gajerun bayanai irin sunayen da ke shiga teburi, ya kuma kasance wanda bai san mabuɗin ba ba zai iya hasashen lambar da za ta fito ba, ko da ya ga lambobin wasu sunayen da yawa.

Mai karatu zai iya tambaya me ya hana a ɗauko SHA-256, sanannen lissafin hash na tsaro, tunda yana nan cikin hashlib, kundin irin waɗannan lissafai na Python, tun siga ta 2.5 a 2006. Dalili na farko shi ne sauri, domin Python yana neman suna a dict kusan a kowane layi na aiki, kuma SHA-256 yana sarrafa bayanai ne a tubala masu bayit 64 ko da sunan harafi uku ne. Dalili na biyu ya fi muhimmanci. Ƙarfin SHA-256 yana cikin tsawon sakamakonsa na bit 256, tebur kuwa ɗan yanki kawai yake ɗauka. Tunda babu mabuɗi a ciki, kowa zai iya zama a gida ya yi ta gwada sunaye yana ware waɗanda yankin nasu ya zo ɗaya, kuma a teburin da ke duban bit 16 kawai, gwaji kusan 65,536 ya isa a samu kowane suna ɗaya. Abin da tebur ke buƙata shi ne mai hari ya kasa sanin inda sunansa zai faɗa, kuma mabuɗin sirri ne kaɗai ke ba da wannan.

Christian Heimes ya rubuta shawarar gyaran Python mai lamba PEP 456 a 2013, aka amince da ita, SipHash-2-4 ya zama lissafin hash na str da bytes, wato jerin haruffa da jerin bayit, a Python 3.4 da ya fito a Maris 2014. An kuma ƙara bayanai a sys.hash_info domin manhaja ta iya duba wane lissafi ake amfani da shi. Python 2.7 bai taɓa samun wannan sauyi ba, ya ci gaba da tsohon lissafin da alamar -R har aka daina kula da shi a ranar 1 ga Janairu 2020. A siga ta 3.11, a Oktoba 2022, an koma SipHash-1-3 mai ƙarancin zagaye domin ƙarin sauri, wanda shi ne harshen Rust ma yake amfani da shi a HashMap, takwaran dict a can.

Java ya bi wata hanya dabam, kuma dalilinsa yana haska abin da ya ba Python damar yin nasa gyaran. Lissafin ninkawa da 31 yana rubuce a takardun Java a matsayin alkawari, don haka ba shi sauyuwa, kuma har yau Aa da BB lambarsu ɗaya. Abin da aka yi a Java 8, shi ma a Maris 2014, shi ne idan sunaye suka taru a gurbi ɗaya suka haura takwas sai a mayar da jerinsu bishiya mai daidaito, ta yadda nema a cikinsu zai yi sauri duk da karon. Python bai taɓa alkawarta ainihin lambar da hash() zai bayar ga jerin haruffa ba. Abin da ya alkawarta kawai shi ne abubuwa biyu da suke daidai da juna za su ba da lamba ɗaya a cikin tashi ɗaya, kuma wannan ƙarancin alkawari ne ya ba shi sararin sauya lissafin har sau uku.

Abin da sauyin ya karya

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu manhajojin da suka ɗauki hash() a matsayin hanyar samar da lambar shaida mai ɗorewa. Wanda ya ajiye hash na suna a rumbun bayanai zai tarar lambar ta sauya bayan an sake tayar da manhajar. Wanda ke raba aiki tsakanin na'urori ta hanyar raba lambar hash da yawan na'urorin ya ɗauki ragowar, zai tarar kowace na'ura tana aika suna ɗaya wuri dabam, kuma irin wannan kuskure ba ya fitar da saƙo, sakamako ne kawai ke lalacewa. PySpark, manhajar rarraba aikin bayanai tsakanin na'urori, misali ne sananne, domin ya kai ga saka bincike da ke dakatar da aikin rarraba bayanai idan ba a saita PYTHONHASHSEED ba. Wannan saiti yana karɓar lamba daga 0 zuwa 4294967295, kuma 0 yana kashe kariyar gaba ɗaya, don haka duk sabar da ke karɓar bayanai daga waje aka kafa mata lambar da ta bayyana a fili, ta koma matsayinta na kafin 2012.

Ga irin wannan buƙata, kayan aikin da ya dace shi ne hashlib. Lissafin sha256 a kan bayit ɗin abc yana ba da bayit 32 da ake rubutawa da alamomi 64 masu farawa da ba7816bf, kuma haka zai bayar a kowace na'ura, a kowane harshe, a kowace shekara. Yana karɓar bayit ne kawai, don haka dole mai rubuta manhaja ya faɗi yadda za a mayar da haruffa bayit, abin da ke da muhimmanci ga rubutu mai ɗauke da haruffa irin ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda kowannensu bayit biyu ne a UTF-8. An ƙara SHA-3 da BLAKE2 a siga ta 3.6, aka ƙara file_digest a 3.11 domin lissafa hash na fayil kai tsaye. Na lura masu koyo da yawa suna haɗa hash() da hashlib a ransu saboda kamancin suna, alhali na farko kayan cikin gida ne na tebur mai rayuwa iya tsawon tashi ɗaya, na biyu kuma ma'auni ne da aka amince da shi tsakanin na'urori.

Batun jerin sunaye a dict ya warware ta wata hanya. A siga ta 3.6 an sake gina dict ta yadda yake riƙe sunaye bisa jerin shigarsu, a 3.7 kuma aka mayar da wannan alkawarin harshe, don haka lambar sirri ba ta ƙara shafar jerin ba. Amma set, ma'ajiyar sunaye zalla marasa maimaici, bai samu wannan sauyi ba, kuma har yanzu set na jerin haruffa yana iya fitowa da jeri dabam a kowane tashi.

Kariyar kuma ba ta rufe kowace ƙofa ba. Mabuɗin sirri yana shiga lissafin str da bytes ne, lambobi kuwa nasu lissafin a bayyane yake: a na'ura mai bit 64, hash na cikakkiyar lamba shi ne ragowar da ta bari idan aka raba ta da adadin da ake samu idan aka ninka 2 har guda 61 da juna aka cire ɗaya. An yi haka ne domin 1 da 1.0 da sauran nau'o'in lamba masu ƙima ɗaya su ba da hash ɗaya. Tunda Python yana karɓar lambobi komai girmansu, duk lambobin da tazararsu ta yi daidai da wannan adadi lambar hash ɗinsu ɗaya ce, kuma manhajar da ke karɓar manyan lambobi daga waje ta zuba su a dict ko set tana iya faɗawa cikin irin cunkoson da aka nuna a Berlin. Shi ya sa iyakance yawan abin da ake karɓa bai rasa amfaninsa ba, kuma Django, manhajar gina shafuka da Python, ya saka iyakar sunaye 1000 ga fam ɗaya a siga ta 1.10 a 2016, shekara biyu bayan SipHash ya shiga Python.